Ruwan Aji Biyar

A makarantar da ke ƙarshen Lungun Tela a Maamobi akwai wani kabad na ƙarfe da ba mai buɗe shi sai Masta Razak, shugaban makarantar. A ciki yake ajiye manyan littattafai tara da ya cika da darussa da hannunsa tun yana saurayin malami. Duk wanda aka kawo koyarwa, ranar farko za a miƙa masa ɗaya. Ya kwafe darasin mako a nasa littafin, ya kai wa Masta ranar Litinin a duba da jan biro, sannan ya shiga aji ya zuba a allo yara su kwafe. Waɗanda suka fara kwafar darussan nan yanzu su ne masu shaguna a kasuwar Nima, 'ya'yansu kuma na zaune a kan bencin da suka bari suna kwafar abu ɗaya, kalma da kalma.

Fulera, malamar aji biyar, ta yi shekara guda tana kwafa ba ta ce uffan ba. Ba mai yawan magana ba ce, amma in ta tsayar da abu a ranta ba ta cika sakin sa ba. A shekararta ta biyu aka tura ta taron bita a Kanda. Abinci bai isa ba, lasifika ta wuni tana kuka, sai can da aka zo tashi wata mata ta rubuta adireshin wani shafi a allo, ta ce gwamnati ta zuba kayan koyarwa a can kyauta, duk malamin da ke da waya zai iya saukewa. Lokacin kowa na neman jakarsa. Fulera ta kwafe adireshin a gefen takardar taro, ta buɗe shi a cikin trotro, motar haya, ba ta ɗago ba sai da ta wuce inda za ta sauka.

Abin da ta gani ya fi abin da ta zata. Darasin kowane mako yana nan a tsare, da hotuna, da tambayoyi, da takardun da yara za su cike da kansu. Abin da ya fi kama ta shi ne ba a neman wani kayan da babu. Murfin kwalba ne, da zare, da gwangwanin madara, da ruwa. Tun daga makon ta raba aikinta biyu. Ranar Litinin ta kai wa Masta abin da ta kwafa daga kabad, in ta shiga aji kuma ta koyar da abin da ta sauke.

Irin wannan ba ya ɓoyuwa a makarantar da katako ne ya raba aji da aji. Ranar wata Juma'a, a taron malamai, Masta ya ajiye jan bironsa ya dube ta ta saman gilashi.

"Madam Fulera, hayaniyar da nake ji a ajinki kullum, karatu ne ko kasuwa?"

"Karatu ne, Masta."

"Na duba littafin Shifa, wadda ta fi kowa a ajin. Mako uku, shafi biyu kacal ta rubuta. Uban yarinya ya buɗe littafi ya ga shafi biyu, me zan ce masa? In ce karatun yana cikin wayar Madam?"

"Ka ce masa ya tambaye ta, Masta. Za ta ba shi amsa."

Masta ba mugun mutum ba ne. Shi ke tsayawa a bakin ƙofa kowace safiya yana kiran yara da sunan iyayensu, kuma ya yi imani har zuciyarsa cewa abin da hannu bai rubuta ba kai ba ya riƙewa. Ya ce ranar Alhamis mai duba makarantu za ta zo, Madam Akwele, kuma aji biyar zai kai ta.

"Ki yi mata darasin wayarki. In ya yi, ki ci gaba, ba zan ƙara magana ba. In bai yi ba, ki koma ajin ƙanana, Jamiu ya karɓi aji biyar."

Jamiu, malamin ajin ƙanana, wanda ya shekara biyu yana roƙon a raba shi da goge majina da ɗaure takalma, ya ɗaga hannu biyu sama. "Masta, Allah ya ƙara girma. Ni ko gobe a shirye nake."

Aka yi dariya, har da Fulera. Amma da ta fito ta tsaya a ƙofar ajinta ta dubi bencina. Yara arba'in da shida ne, tun aji huɗu take tare da su. Ta san wanda ke zuwa bai karya ba. Ta san Suweiba da ke zama can baya, wadda rubutu ke ba wuya, wadda ba a taɓa jin muryarta a aji ba sai ranar da aka zube murafan kwalba a kan tebur aka ce a raba su kashi-kashi. Ba ta da niyyar miƙa su ga kowa.

Darasin makon a kan yadda ruwa ke tashi ya bi iska ne. Ta sauke shi, shafi shida, ta buga a shagon fotokofi na bakin titi, ta karanta har layin ƙarshe kamar yadda ta saba. Aikin mai sauƙi ne. A samu robobi biyu iri ɗaya, a zuba ruwa daidai, a sa alama, a ajiye ɗaya a rana ɗaya a inuwa, yara su riƙa aunawa kowace safiya.

Ranar Litinin ta zo da shuɗayen robobi biyu na wanke-wanken mahaifiyarta. Yara suka zuba kwalba shida-shida suna ƙirgawa da ƙarfi, ta ja layi da jan farce daidai bakin ruwan. Farfajiyar makarantar ba ta fi ɗaki uku ba, duk siminti, babu ko bishiya ɗaya. Wurin rana bai yi wuya ba: kusa da ƙofar shiga, inda Mma Rakia ke kafa teburin waakye, wato shinkafa da wake, da safe. Inuwa kuwa guda ɗaya ce tak a gidan, rumfar kwanon ƙaramin masallacin da ke manne da makarantar, inda ake jera butoci. Nan ta ajiye ta biyun. A cikin takardun akwai ɗan allon gargaɗi da aka riga aka rubuta da Turanci cewa kada a taɓa. Ta yanke, ta manna wa kowace roba da salatef, ta ga komai ya yi.

Talata da safe yara suka sa rula. Ta rana ta ragu da milimita huɗu, ta inuwa da ɗaya. Laraba ta rana ta kai tara, ta inuwa biyu. Suka rubuta a wani babban kwali da ta kafa a bango, suna ture juna a kan wa zai riƙe rula. Jamiu ya leƙo ta taga ya ce, "Ei, ni dai na ga alama zan tsufa a wurin majina."

Da rana tsaka ranar Laraba ruwan famfo ya ɗauke a unguwar. Ba sabon abu ba ne. Da Fulera za ta tafi gida ta wuce mata da rawayen galan a ka suna gangarawa wajen mai tanki, ta gaishe su ta wuce, tana bitar tambayoyin gobe a ranta. Ko kaɗan ba ta haɗa wannan da robobinta ba.

Alhamis ta iso da wuri, ta sa sabon mayafi. Ta fara leƙa rumfar masallaci, sai ta tsaya cik. Ruwan da ke cikin robar inuwa bai fi yatsa biyu ba a ƙasa. Ta juya da sauri zuwa bakin ƙofa. Robar rana ta cika, ta haye jan layin, saura kaɗan ta zuba. Takardun gargaɗin na nan a manne, ko lanƙwasa ba su yi ba.

Jamiu ne ya fara samun ta a wurin. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya kama baki.

"Cale, 'yar'uwa, wannan ai an juya miki duniya. Rana na ƙara ruwa, inuwa na sha." Ya waiga ya ga yara ba su fara shigowa ba, ya rage murya. "Ji nan. Ki tsaya a ƙofa, ni in kwashe na wannan in mayar waccan. Minti ɗaya. Ba wanda zai sani."

"Kai da ke jiran ajina?"

"Ina jira paa. Amma ba ta haka ba."

Ta ji daɗin maganar har ranta, kuma da ta ce bai burge ta ba ta yi ƙarya. Minti ɗaya ne, kamar yadda ya ce. Sai dai a ƙasan shafi na shida akwai wani ɗan akwati da aka rubuta da ƙananan haruffa, irin wanda mai sauri ke tsallakewa. An ce in abin da aka gani ya saɓa wa abin da ake zato, malami kada ya gyara. Ya tambayi yara me kuma zai iya taɓa ruwan. Da ta karanta shi ranar Asabar ta ɗauka cika takarda ne kawai.

"Bar su yadda suke," ta ce.

"Kin san abin da ya faru ne?"

Ta dubi rumfar. Wata buta na tsaye kusa da robar, ba a layin 'yan'uwanta ba. "Rabi na sani. Rabin ban sani ba."

"Kuma haka za ki shiga gaban Madam?"

"Haka."

Kafin a buga ƙararrawa labari ya kai ofis. Masta ya fito da kansa, da littafi na huɗu a hammata, ya dubi robobin ya daɗe. Bai yi murmushin wanda ya ci nasara ba. Ya buɗe littafin ya miƙa mata.

"Ga darasin nan, shafi uku, babu abin da ya rage a ciki. Ki zuba musu a allo. Ni zan ce wa Madam an ɗage gwajin, a kwashe robobin nan a kai bayan ofis. 'Yata, ba na so ki ji kunya a gaban baƙuwa."

"Na gode, Masta. Amma yaran nan da hannunsu suka auna kwana biyu. In suka zo suka ga babu robobi, me zan ce musu?"

"To maganata ta Juma'a tana nan."

"Tana nan, Masta."

Ya rufe littafin a hankali ya koma.

Ƙarfe tara da rabi Madam Akwele ta iso, gajeriyar mace mai furfura a gaban goshi, da fayil a hannu. 'Yar unguwar Kokomlemle ce, yaren ƙabilar Ga ne yarenta, tana tsintar Hausa kaɗan-kaɗan. Ta ƙi kujerar da aka kawo mata, ta matsa Suweiba ta zauna a bencin baya. Masta ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu.

Fulera ta fara da Turanci kamar kullum, in abu ya cije ta juya Hausa. Ta sa aka karanta abin da ke kan kwali, sannan ta tambayi me suke zato za a gani yau. Hannaye suka tashi. Kowa ya ce ta rana za ta ƙara raguwa.

"To mu je mu gani."

Suka fita a layi, Madam Akwele a bayansu. Da suka iso bakin ƙofa layin ya watse. Shifa ta sa rula, ta cire, ta sake sawa. Aka ruga rumfar masallaci, aka dawo. Hayaniya ta tashi har ajin Jamiu suka leƙo.

"Shifa, me za mu rubuta?"

Shifa ta saci kallon baƙuwar, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Madam, mu rubuta sha uku. Jiya tara ne, yau ya kamata sha uku."

"Sha uku kika gani?"

"A'a."

"To rubuta abin da kika gani."

Yarinyar ta rubuta kamar ana cire mata haƙori: ta rana ta ƙaru da milimita ashirin da ɗaya, ta inuwa ta ragu da sittin. Fulera ta ji idon Masta a bayanta. Ba ta waiga ba.

"Yanzu ku gaya min. Takarda ta ce rana ke ɗauke ruwa. Robobinmu sun ce ba haka ba. Wa ke ƙarya?"

Rauf, sarkin surutun ajin, ya ce, "Aljanu ne, Madam. Kakata ta ce suna son ruwan da ya kwana."

"Yoo. Litinin da Talata ma ruwan ya kwana. Ina aljanun suke?"

"Ba su gan shi ba tukuna."

Aka fashe da dariya, har Madam Akwele ta sa fayil a baki. Fulera ta rubuta aljanu a kan kwali, ta ce ba za a jefar da maganar kowa ba sai an gwada ta. Wata ta ce robar ta huda. Aka ɗaga, ƙasanta a bushe. Wani ya ce an yi ruwan sama. Ta ce su dubi siminti da kwata, su tuna ko wani ya ji ruwa a kan kwanon gidansu jiya. Ba wanda ya ji. Aka soke wannan ma.

"Ku koma kan kwalin. Talata lafiya, Laraba da safe lafiya. Me ya faru a unguwar nan tsakanin jiya da safe da yau, wanda bai faru ba shekaranjiya?"

Sai murya uku suka haɗu: "Famfo ya ɗauke!"

"In famfo ya ɗauke, mutum ya zo sallar la'asar ya tarar tankin masallaci babu komai, ya waiga ya ga roba cike da ruwa mai sanyi a gefen butoci?"

Ba ta ƙarasa ba yara suka juya gaba ɗaya suna kallon Malam Salamu, tsohon malamin Arabiyya, wanda ke zaune a kan buzunsa a ƙarshen rumfar yana jiran lokacin darasinsa. Fulera ta je ta rusuna ta gaishe shi, ta roƙe shi ya taimaka wa yara da amsar tambaya ɗaya.

"Ruwan nan? Ni na yi alwala da shi, ni da mutum bakwai, la'asar da magariba," ya ce, ba tare da wata damuwa ba. "Na ma yi wa wanda ya ajiye addu'a, Allah ya shayar da shi ranar ƙishirwa. Ashe ke ce?"

"Ni ce, Malam. Amma na gwaji ne. Ga takarda a jiki."

Ya miƙa wuya ya dubi takardar. "Na gan ta. Na ɗauka sunan mai sadakar ne. Ɗiyata, a Zongo in ka ga ruwa a ƙofar masallaci ranar da babu famfo, ba ka tambayar na wane ne."

Wannan gaskiya ce da kowane yaro a wurin ya sani, ita ma ta sani tun tana ƙarama. Mahaifiyarta kanta takan aika da galan masallaci in ruwa ya yi wuya. Ta ji kunya ta taso mata har kunne, don ita ta ajiye roba a tsakiyar butoci ta manna mata Turanci. Ta juya ta gaya wa yara a fili cewa kuskuren nan nata ne, ba na Malam ba, ta sa aka rubuta a kwali.

Saura robar rana, wadda ita kanta ba ta san abin da ya same ta ba. Ta tambaya, aka yi ta harbin iska. Wani ya ce Malam ne ya mayar da canji. Ta ji lokaci na tafiya, ta ga Madam ta dubi agogo. A lokacin ne ta lura Suweiba ta tsuguna a gaban robar ita kaɗai, ta sa yatsa biyu ta tsamo wani abu siriri ja.

"Suweiba, mene ne?"

Yarinyar ta ɗaga shi sama. Da ƙyar aka ji ta. "Karan dafi ne, Madam. Na waakye."

Duk wanda ya taɓa cin waakye ya san jan karan da ake dafa shinkafa da wake da shi. Kai arba'in da shida suka juya wajen teburin Mma Rakia, wadda ke goge tukunya tana kallon su tun ɗazu.

"Me kuke kallona kamar na ci bashin uwarku?" ta ce. "Ni na ƙara, da asuba, da ragowar galan ɗina. Laifi ne?"

"Mma, me ya sa kika ƙara?"

"Yo ruwan sadaka ne yana ƙarewa a banza! Tun Litinin nake kallon sa. Ba mai taɓawa, ina nan zaune, amma kullum sai ya sauka ƙasa da jan layin nan. Rana ke shanye shi. Na ce wane mara dabara ne ya ajiye ruwa a tsakiyar rana, ga mutane na nema? Bari in cika in samu nawa ladan."

Fulera ta matsa kusa da ita. "Mma, don Allah maimaita. Me ke shanye shi?"

"Rana mana. Ke da kika yi jami'a sai na gaya miki?"

Yara suka yi ihu. Masta ya juya fuskarsa wajen bango, kafaɗunsa na motsi. Madam Akwele ta jawo Shifa ta ce ta fassara mata kalma da kalma.

Fulera ta tafa hannu aka yi shiru. Ta ce yanzu an san abin da ya taɓa ruwan, amma maganar Mma ma sai an gwada ta, kamar ta Rauf. Gwajin kwana uku ya lalace, za a yi na minti goma. Ta roƙi Malam Salamu aron butarsa. Ya ce ba ya ba da ita, amma zai zuba da kansa. Ya cika murfin kwalba ya zuba a simintin rana, ya sake cikawa ya zuba a ƙarƙashin rumfa. Suweiba ta zagaye kowane jiƙo da alli. Aka raba ajin biyu, rabi nan rabi can, aka ce ba mai matsowa kusa, ko aljani ne a kama shi.

Suna tsaye suna kallo jiƙon rana ya fara janyewa daga layin alli, gefe-gefe, kamar ana naɗe shi. Kafin minti bakwai babu komai sai zoben alli. Na inuwa na nan da duhunsa.

"Ina ya tafi?" Fulera ta tambaya. "Siminti ya sha?"

"Da siminti ne, da na inuwa ma ya sha," in ji Shifa, wannan karon ba ta kalli kowa ba.

Malam Salamu ya shafa gemu. "Shekara sittin ina alwala, ban taɓa goge fuska ba, kafin in kai sahu ta bushe. Ban taɓa tambayar inda ruwan ke zuwa ba."

Suka koma aji. Ba ta rubuta komai a allo ba sai kalmomi huɗu na Turanci da za su buƙata a jarrabawa. Ta ce kowa ya rubuta da bakinsa abin da aka zata, abin da aka gani, wa ya taɓa ruwan, da yadda aka gane. Aji ya yi tsit, sai ƙarar biro. Masta ya bar ƙofa ya shigo yana bin bencina. Ya tsaya a kan Suweiba ya daɗe. Rubutun a karkace yake, da kurakurai, amma ta cika shafi ta juya.

A ofis Madam Akwele ta yi rubutu mai tsawo a fayil, ta tambayi inda aka samo darasin, Fulera ta nuna mata shafin a waya.

"Na san shi," in ji Madam da Turanci. "Makaranta takwas na ga wannan gwajin a wannan zangon. Duk takwas ɗin ruwansu ya ragu daidai yadda takarda ta ce, har wadda aka yi ruwan sama a kan robobinta." Ta rufe fayil, ta miƙe, ta gwada Hausarta a bakin ƙofa: "Ruwa ya yi kyau."

Da ta tafi Masta ya zauna ya juya jan bironsa a hannu.

"Aji biyar naki ne," ya ce. "Amma ranar Litinin ina so in ga darasin a littafinki, da hannunki. Ba zan sa jan biro a kan waya ba."

"To, Masta."

Ta kai ƙofa ya kira ta. Yana kallon kabad ɗin, ba ita ba. "Shafin nan naku. Akwai lissafin aji shida a ciki?"

Ta dawo ta buɗe masa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ɗaga gilashi, ya sauke, ya ce ta buga masa a takarda don ya ga ko sun yi daidai. A waje Jamiu na jiran ta da yaro a kowane hannu. Ya ce tunda ta hana shi girma, ta duba masa ko gwamnati ta tanadi wani abu da zai sa 'yan shekara huɗu su zauna wuri ɗaya. Ta ce akwai, shafi talatin. Ya ce ta fara da biyu.

Litinin da ta zagayo aka sake gwajin daga farko. Malam Salamu ya karɓi kwali biyu ya rubuta da tawadarsa, da ajami manya-manya, cewa ruwan karatu ne, ba na alwala ba. Mma Rakia ba ta karanta ko wanne, don haka aka gaya mata da baki. Ta ce ta ji, amma ba za ta zauna tana kallon mutane na neman ruwa ba, ta kawo nata bokitin ta ajiye a gefen butoci.

Talata da safe, kafin yara su gama shigowa, Fulera ta tarar da Malam tsugune a gaban robar inuwa, yana hana wani baƙo da ya miƙo buta.

"Can, ga na sadaka can," ya ce masa. Sannan ya ɗago ya dube ta. "Ina rular? Ni na ga kamar ya sauka kaɗan."